Bargo da Turaren Auren Serah

Umarari, Maiduguri
Farkon bazara

Ƙanena Garzali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can saman duwatsun Mambila. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana Malam Sa'id ta yi sauƙi har ya koma shagonsa na yadi a Kasuwar Litinin. Ni kuma in ban da ciwon kai ba abin da ke damuna, ciwon kan ma kai ka kawo shi gidan nan da igiya a wuya.

Za ka yi mamakin ganin na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo. Na gwada yi maka saƙon murya, sai na ga duk wanda na fara da sallama da zagi yake ƙarewa, na goge. Biro ya fi bakina haƙuri. Tunda ka ce ba kwa samun sabis sai ranar da kuka sauko Gembu, in ka sauko ka nemi wuri ka zauna ka karanta a tsanake.

Garzali, ranar da ka zo mana sallama cewa ka yi kwana kaɗan ne, kana isa za ka aiko a ɗauki karenka. Baturen likitan da ka yi wa aiki ya bar maka shi ya koma ƙasarsu, kai kuma ka bar min shi ka hau dutse. Ba don kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito ba, wallahi ko zaure ba zai shigo min ba. Ka kuma sa na yi maka alkawari ba zan ba kowa shi ba sai da yardarka. Na yi, don a lokacin ban san abin da nake ɗauka ba.

Ka ce haski ake ce wa irinsa. Ni Bargo na sa masa, don sunan da Baturen ya ba shi harshena ya kasa juya shi, kuma duk halittar da za ta yi yawo da wannan gashin a zafin Maiduguri ba ta da wani suna da ya wuce wannan. Ba ya haushi kamar karnukan mutane, sai ya ɗaga kai sama ya yi ta kuka kamar an yi masa mutuwa. Idonsa kuma shuɗi ne, maƙwabciyata da ta gani sai da ta karanta Ayatul Kursiyyu. Ya haƙa rami a gindin darbejiyarmu har ya kai saiwa. Ya tauna buta, ya tauna takalmin Malam. Katangar gidan nan ba ya ɗaukarta katanga. Duk kwanon da ya sa wa baki sai na wanke sau bakwai, hannuna har ya fara saɓa.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ba zan iya ba shi ne gashin. Yana zubar da shi kamar audugar rimi, a tsakar gida, a randa, a shanya. Ka san sana'ata, turaren wuta da humra nake yi. Kuma ka san Phebe, aminiyata, ungozomar asibiti da ta karɓi haihuwar 'yata Muhsinat. To an sa bikin autarta Serah a ƙarshen bazarar nan, ni kuma na ce mata kada ta sayi ko ƙwayar turare, duk abin da amarya za ta turara ɗakinta da shi daga hannuna zai fito. Na jiƙa itacen tun kafin ka tafi, yana nan a rufe yana shan mai. In lokacin soyawa da shanyawa ya yi, tabarma zan baza a tsakar gida. Ka gaya min, da wannan dabbar a gidan, a ina zan baza ta?

Akwai wani Madu, dillali a Kasuwar Shanu, abokin Malam. Ya ga karen ya ce yana so, zai yi masa gadin garke. Ni dai na ga hanya. Ka ce to kawai, ya zo ya ɗauka.

Malam yana gaishe ka, ya ce takalmin ya yafe.

Yayarka,
Rashida

*

Gembu

Yaya Rashida,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna da jin Yaya Sa'id ya miƙe. Ni ma lafiya lau, sai mura da ta ƙi sakina. Sanyin nan ba a magana, da rana tsaka sai ka ga mutum da rigar sanyi biyu. Kullum in na ga hazo ya sauko sai in ce ina ma karen yana nan. Amma masaukin da aka ba mu ba a yarda da dabba ba, kuma ƙauyukan da muke shiga a kan babur ake zuwa.

Sunan Bargo ya ba ni dariya har abokan aikina suka tambaye ni lafiya. Na karɓa, ya dace da shi.

Maganar Madu kuwa, Yaya, ki yi haƙuri, a'a. Zai ɗaure shi da sarƙa a rana ya riƙa jefa masa hanji. Kuma haski ba karen gadi ba ne, in ɓarawo ya shigo kaɗa masa jela zai yi ya raka shi har bakin ƙofa. Ranar da ya ga ɗan maraƙi yana gudu kuwa, sai dai a biya mai shi.

Duk ɓarnar da kika lissafa rashin gudu ne ya kawo ta. A ƙasarsu kaya suke ja a kan ƙanƙara, wuni guda ba sa gajiya. In Yaya Sa'id zai riƙa zagayawa da shi bayan sallar asuba kafin rana ta fito, za ki ga ya kwanta lamo. A riƙa sa masa ƙanƙara a ruwan sha. Gashin kuma lokacinsa ne, zai wuce, a riƙa taje shi dai. Don Allah kada a kuskura a aske shi, gashin nan shi ke tare masa rana.

Ban ƙi a ba da shi ba. Amma sai gida mai inuwa, inda ba a ɗaure kare, kuma akwai mai fita da shi. In an samu ki turo min bayanin mutanen da lambarsu in ji muryarsu. Kin san lokacin da na zo Maiduguri ban san kowa ba sai ku, shi ne abokin hirata a masauki. Ba zan so ya wulaƙanta ba.

Ki gaishe da Maman Serah, Allah ya sanya alheri.

Ƙanenki,
Garzali

*

Umarari

Garzali,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sawwaƙe murar. Mu muna nan ƙalau, sai zafi da ya kai in ka ajiye ruwa a tsakar gida ka dawo ka samu na wanka.

Na karanta shawarwarinka, na gode. Mutumin da bai daɗe da ajiye sanda ba shi kake so ya yi tsere da kare da asuba. Da na karanta wa Malam wurin, ƙafarsa kawai ya kalla. Ƙanƙara kuwa, mu da muke shan ruwan randa ba mu samu ba sai Bargo.

Gargaɗinka na aski ya zama ihu bayan hari. Da muka ji shiru daga wajenka, Malam ya yi tunani irin na mutanen kirki, ya ce tunda gashi ne matsalar, kuma dabbar tana wahala da zafi, a rage mata kaya. Ya kira wanzami. Wanzami ya leƙo ya gani ya ce askarsa ba ta hawa kan kare ko da za a ba shi saniya. Sai Malam ya ɗauko almakashin da yake yanka yadi da shi a shago, ya tsuguna ya fara da kansa. Ya gama gefe ɗaya ke nan, almakashin ya ɗan taɓa fata. Ban ga tashinsa ba, ƙarar ƙofa kawai na ji. Ya fice da igiyarsa tana jan ƙasa, rabi da riga rabi tsirara, Malam yana biye da almakashi a hannu yana kiran sunansa. Mutanen layinmu har yau in sun ga Malam sai su tambaye shi nawa yake aski.

Ni ina tsakar gida ina sharar gashin da ya cika ko'ina, ina cewa a raina Allah ya sa ya tafi ke nan. Sai na ji sallama. Malam Elnathan ne, mijin Phebe, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya. Ka taɓa ganinsa, dogon nan mai furfura da ba ya rabuwa da kekensa. Ya jiƙe sharkaf da gumi, yana dariya har ba ya iya magana. Wai yana kan keke ya ga kare ya wuce da igiya, ya gane namu ne, ya sunkuya ya cafke igiyar. Maimakon karen ya tsaya, sai ya ja. Ya ce bai taka feda ko sau ɗaya ba har suka kusa fita gari, rabonsa da irin wannan gudun tun yana saurayi. Bargo kuma ya shigo ya sha ruwa ya kwanta a gindin darbejiya. Garzali, tun da ka kawo shi ban taɓa ganinsa a kwance da rana ba sai ranar.

Malam Elnathan ya kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi wa Malam Sa'id faɗa a bayan idonsa, aka ba da man shafawa don kada rana ta ƙona gefen da aka aske. Da yamma suka dawo shi da Phebe. Ta ce min, "Maman Muhsinat, mutumin nan tun da ya dawo bai yi maganar komai ba sai karen nan. Serah za ta tafi, gida zai zama daga ni sai shi sai rediyo. Ku ba shi ya samu abin yi, ni ma in huta."

Gidansu yana da bishiyoyi, katangarsu ta fi tamu tsawo, suna da sola da fanka. Malam Elnathan kullum da asuba yake fita da keke, ko da kare ko babu. Ya shafa haƙarƙarin Bargo ya ce kare ne mai kyau, sai dai ya rame, in an bar masa shi kafin biki zai yi ƙiba har ba za mu gane shi ba. Mutanen kudancin Borno ne, sun saba da kiwon kare tun a gida, ba irinmu ba da muke tsoron yawunsa.

Na gaya musu alkawarin da ke tsakanina da kai. Don haka ban ba su ba, aro na ba su, ya zauna can har in gama turarena kuma mu ji daga gare ka. Ga lambar Malam Elnathan nan a ƙasan takardar kamar yadda ka nema. Duk sharuɗɗanka sun cika, saura kalma ɗaya daga bakinka.

Rashida

*

Umarari

Garzali,

Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Ina ta duba waya, takardata ko buɗe ta ba ka yi ba. In ruwa ne ya tare muku hanya Allah ya kiyaye, in kuma lalaci ne Allah ya shirye ka.

Mu lafiya. Gidana ya dawo gida. Na wanke tsakar gida da omo, na share har saman katanga, na turara ko'ina. Jiya na buɗe itacen da na jiƙa, ƙamshin sai da ya sa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana yi min wushe, gaisuwar mutanen Borno, tana tambayar wa za a aurar. Gobe in Allah ya kai mu zan soya in baza. Ban taɓa haɗa turare irin wannan ba, ko na auren Muhsinat bai kai shi ba.

Bargo kuma an ce ya zama ɗan gida. Phebe ta ce tare suke cin ƙosai da maigidan in sun dawo daga gudu. Ka amsa min don Allah a rufe maganar nan.

Rashida

*

Gembu

Yaya Rashida,

Ina gaisuwa. Gada ce ta karye mana, sai yau muka samu sauka, na ga takardunki biyu a tare.

Yaya, ke da kanki kika rubuta, amma na ga kamar ba ki lura da abin da kika rubuta ba. Mutum ya shafa haƙarƙarin dabba, ya ce ta rame, ya ce zai sa ta yi ƙiba kafin biki. Wa ke yin wannan maganar in ba mai duba ragon suna ba? Me ya haɗa ƙibar kare da ranar biki? Kuma kin faɗi daga inda suka fito. Ni ba na zargin kowa, amma kin san abin da ake faɗa a kan cin naman kare, a masaukinmu na Maiduguri ma na sha ji. Ke mutum ce mai yarda da mutane, shi ya sa ba ki kawo komai a ranki ba.

Na kira ki ba ki ɗauka ba, ga sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa, ga motarmu za ta koma. Sai na kira lambar da kika ba ni. Na gaishe shi da ladabi, na gode masa. Sannan na ce masa ni ne mai karen, kuma ina so ya rantse min da littafin da ya yarda da shi cewa ba za a yanka shi a bikin nan ko bayan biki ba. Ya ce ya ji, ya kashe. Bai rantse ba, Yaya. Ki lura da wannan.

Don Allah ki karɓo shi yau. Gara ya ci gaba da tauna buta da a ce na rasa shi ta wannan hanyar. In na yi kuskure Allah ya yafe min, amma rigakafi ya fi magani.

Garzali

*

Umarari

Garzali,

Na amsa gaisuwarka don addini ya ce a amsa. Lafiyarmu ƙalau, in kana son sani.

Lokacin da kake kirana hannuna yana cikin tukunyar turare, wayar tana ɗaki. Na gama suya, na baza a tabarma biyu a tsakar gida, na shiga in watsa ruwa. Ban san ka riga ka yi aikinka ba.

Ba sai na je karɓo shi ba. Malam Elnathan ya kawo shi da kansa, yana tura keke da hannu ɗaya, igiya a ɗayan, kwanon abincinsa da man shafawarsa a ɗaure a bayan keken. Ya yi sallama a zaure, Malam ya fita. Ya miƙa masa igiyar ya ce, "Ga amanarku, a duba shi da kyau, ba abin da ya ragu a jikinsa." Ya juya. Malam bai gane komai ba, ya bi shi yana tambayar ko ɓarna ya yi, garin haka igiyar ta suɓuce.

Na fito na tarar da shi a tsakiyar tabarma yana birgima. Turaren da ɗumi, ga sukari, ga mai, ga kare mai zubar da gashi. Ya tashi kamar an yi masa ado da gyaɗa, ya girgije a kan tabarma ta biyu. Na zauna na tsince abin da zan iya, na tankaɗe, na sake tsincewa har idona ya yi ja. Sannan na ɗebi kaɗan na zuba a kasko don in ji. Ka san ƙaurin layin 'yan babbaka a Kasuwar Shanu? Shi ne ya tashi a ɗakina. Itacen da ya yi watanni yana shan mai, na kwashe shi na zuba a bola da hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sai bayan haka na buɗe waya na ga takardarka, na gane turaren ma ƙaramin abu ne.

Kai Garzali, wa ya haife ka? Ka san ko su waye ka kira? Shekarar da gari ya rikice, da aka hana fita ina kan gwiwa, Phebe ce ta ratsa shingen sojoji da jakarta a ka ta zo gidan nan. Mijinta ne ya rako ta yana ɗaga hannu sama. Mutumin da ka ce ya rantse maka ke nan. Ya ce kare zai yi ƙiba kafin biki don bikin ne abin da kowa a gidansu yake lissafi da shi, ko fenti za su yi sai su ce kafin biki. Na ce sun saba da kare don in kwantar maka da hankali, kai kuma ka ɗauko zancen masauki ka ɗora a kai. Wai ba ka zargin kowa. To da kana zargi me za ka ce?

Bai rantse ba don ba ka isa ka rantsar da shi ba. Ni ma da ni ce ba zan rantse ba.

An yi bikin Serah. Na je Kasuwar Litinin na sayi turaren wasu, irin wanda kowa ke saya, na juye a kwalabena don kunya. Phebe ta karɓa ta ce an gode, ba ta buɗe ba. Ita da ta san hannuna, ko daga bakin ƙofa za ta gane. An ba ni kujera mai kyau, an kawo min lemo, an yi min duk abin da ake yi wa baƙuwa. Ni da ya kamata a ce ina cikin ɗaki ina ɗaura wa amarya ɗankwali.

Karenka kuma bai san an yi ba. Kullum da asuba sai ya haura katanga ya tafi ƙofar gidansu ya zauna yana kuka. Kullum Malam Elnathan sai ya tako ya dawo da shi, ya ce ina kwana, ya miƙa igiya, ya tafi. Ko ruwa ba ya tsayawa sha. Kowace safiya sai na haɗa ido da mutumin da ɗan'uwana ya ci wa mutunci, kai kana can kana shan hazo.

Magana zarar bunu ce, ka zare. Ka san yadda za ka yi da ita.

Rashida

*

Gembu

Yaya Rashida,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Sa'id. Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta takardarki a tsaye a bakin shagon caji, na sake karantawa a zaune. Na koma na karanta wadda kika fara ba ni labarinsu, na ga ba abin da ke cikinta sai alheri. Ni na zuba mata abin da ke kaina.

Na kira Baban Serah, bai ɗauka ba, kuma yana da gaskiya. Don haka na rubuta masa takarda da hannuna, ga hotonta nan tare da wannan. Ban kare kaina a ciki ba. Don Allah ki kai masa, in ya ƙi karantawa ki karanta masa, in ya ƙi ji ki dawo da ita, na cancanci haka.

Na sauke miki alkawarin da na ɗora miki. Bargo nasu ne in har suna so, ba aro ba, ba sharaɗi, ba sai an turo min hoto ba. In kuma sun ƙi, ki yi yadda kika ga ya dace, ba zan sake cewa komai ba.

Turaren ban san yadda zan yi da shi ba. Na san ba abin da ake saye ba ne. Ki yafe min, Yaya.

Ƙanenki,
Garzali

*

Umarari
Farkon damina

Garzali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi ruwan farko, gari ya yi sanyi. Ina fatan murarka ta tafi. Na yafe maka, tunda ba ni da wata kakar da zan canza.

Na kai takardar. Na tafi da kaina, Malam yana riƙe da igiya, Bargo yana jan Malam. Mun same su a gindin bishiya. Malam Elnathan ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya miƙa min wayar. Ya ce, "Yaro ne. Abin da ya ji manya suna faɗa ya maimaita." Na so a ce zagi ya yi, da ya fi min sauƙi. Malam ya ba shi haƙuri, ni ma na ba shi. Duk wannan abin karen yana kwance a kan ƙafarsa kamar ba shi ya haɗa mu ba. Can ya sunkuya ya kwance igiyar daga wuyansa ya miƙa wa Malam, ya ce a tafi da ita, a gidan nan ba a buƙatarta sai in za a hau keke, kuma yana da tasa.

To ka ji. Bargo yana da inuwa, yana da mai gudu da shi, gefen da aka aske ya fara tohowa. Yanzu in mutum ya fita da asuba zai ga dattijo a kan keke ya ɗaga ƙafafu, kare yana jansa, masu shayi suna yi musu kirari. Duk abin da ka nema ya samu.

Maza suka fita duba keken, Phebe ta ce in shigo ciki. Muka zauna a ɗakin Serah, ba komai sai katifa da ƙusoshin da aka cire hotuna. Na ce mata na sake jiƙa wani itacen, in ya nuna zan kai wa Serah har gidanta. Ta ce Allah ya kai mu. Muka yi hirar biki, muka yi hirar ruwa, har ta yi dariya da na ba ta labarin almakashin Malam. Na ce a raina alhamdu lillahi, abin ya wuce.

Sai ta tashi ta kawo min abinci, tuwo da miya, kamar yadda take yi duk ranar da na je. Ta ajiye a gabana, ta sa hannu za ta buɗe kwanon miyar, sai ta tsaya. Ta ce, "Kaza ce, Maman Muhsinat."

Garzali, tun muna 'yan mata nake cin abincin matar nan. Ba ta taɓa gaya min abin da ke cikin kwanonta ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ce mata na sani. Na ci, na ƙara, na suɗe hannu, tana zaune tana kallon ƙasa. Ban ji ɗanɗanon ko loma ɗaya ba.

Yayarka,
Rashida